Takardar da Ban Sa wa Hannu Ba

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu saura,
Mista Haldane ya kira ni ofishin nan marar taga.
Ya turo mini kwalin hankici tun bai buɗe baki ba,
nan na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

"Dolores," ya ce, "shekara goma sha tara ba wasa ba.
Ba ma son ki fita da tabo.
Ga takarda, sa hannu, ki ce ke kika ajiye.
In kin ƙi, ranar Juma'a mu sallame ki."
Yana faɗa yana murmushi
irin na mai allura da ke cewa ba zafi.

Laifina? Hannu ya rage sauri.
Kwalabe na gudu a gabana,
ido ya ga mai tsaga, yatsu su makara.
Ban ɗauki tsinken kowa ba, ban zagi kowa ba.
Latti sau ɗaya na yi,
ranar da ƙanƙara ta rufe gadar kogin Maumee.

Na tuƙo mota na ratsa Toledo,
takardar na kujerar gefe
kamar fasinjan da ya ƙi faɗin inda zai sauka.

Mahaifina, shekara talatin yana ɗaura ƙofar mota,
abu ɗaya ya bar mana:
ka fita da ƙafarka, kada a nuna maka hanya.
Na ji muryarsa a kicin daren nan
ina jera takardu a tebur.
Kuɗin haya. Kuɗin gas, ga Janairu a bakin ƙofa.
Maganin sukarin Casimir,
wanda ke minshari a gaban talabijin,
bai san komai ba tukuna.

Bernadine ta hawan sama ta sauko aron gishiri,
ta tarar da ni da biro a hannu.
Ta karanta a tsaye, ta ƙwace biron.
"An yi mini wannan a asibiti," ta ce.
"Na sa hannu don kunya, na ci kunyar wata huɗu da gwangwanin wake.
Wanda ya ajiye da kansa, ofishin jiha bai san shi ba,
sai su ce ai ke kika so.
Wanda aka kora ba da laifi ba
shi ake ɗan yayyafa wa, mako-mako, kafin ya miƙe.
Wannan ba mutuncinki suke karewa ba,
aljihunsu ne."
Ta tafi, ta manta gishirin.

Amma kora. Kalmar ma nauyi gare ta.
Kaza ake kora, da ƙuda.
Gobe wani yaro sa'an ɗana zai duba takarduna
ya ce, me ya raba ki da wancan aikin?
Me zan ce masa?
Na kwana ina juya ta a baki kamar ƙwaya mai ɗaci.

Ranar Juma'a na sa 'yan kunnen da nake zuwa coci da su.
Na ajiye masa takardarsa fara tas.
"Ku kore ni," na ce. "Ku rubuta dalili,
kuma ku rubuta gaskiya: hannunta ne ya gaji."
Murmushin ya zame daga fuskarsa.
Ya nemi wani abu a aljihun tebur, bai samu ba.

Mai gadi ya raka ni, Odell, da muke raba kofi da asuba.
Shi ya riƙe mini kwalin:
kofi, rigar sanyi, hoton jikata ba haƙoran gaba.
Bai dube ni ba har mota.

Litinin, minti arba'in ina riƙe da waya
ana kaɗa mini kiɗan jira.
Can wata mata ta ɗauka, murya a gajiye:
"Barin aikin kika yi, ko sallamar ki aka yi?"

Na dubi hoton mahaifina a saman firji.
"Sallama ta aka yi," na ce.
Ta ce in maimaita, layin ba kyau.
Na maimaita.